Hagu ko dama? Tambayoyi da amsoshi kan shan mai da bakin tankin mota

Duk wanda ya taɓa aron mota ya san wannan kunyar. Ka bi layi tun daga bakin titi, ka iso gaban famfo, ka kashe mota, sai yaron gidan mai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ai tankinka ta can yake." Na bayanka ya riga ya matso har ya kusa taɓa bamba, 'yan adaidaita sahu sun cike 'yar kafar da ta rage, ga hon ta ko'ina. Tambayoyin da ke ƙasa yawancinsu a majalisarmu ta bayan la'asar aka yi ta jefo su, wasu kuma daga sababbin direbobi na ji su.

Ta yaya zan san gefen da bakin tanki yake ba tare da na fito daga mota ba?

Dubi gejin mai a dashbod. Kusa da allurar da ke yawo tsakanin E da F akwai ɗan zanen famfon gidan mai, a jikinsa kuma akwai wata 'yar kibiya mai kusurwa uku. Inda ta nuna, nan bakin tankin yake. In ta kalli hagu, tankin yana gefenka kai direba. In ta kalli dama, yana gefen mai zaman banza. Hagu da daman nan na wanda yake zaune a kan sitiyari yana kallon gaba ne, ba na wanda ya tsaya a gaban mota yana kallonta ba.

Na san mutanen da suka shekara goma da mota ɗaya ba su taɓa lura da kibiyar nan ba, don motarsu ce, hannu ya riga ya saba. Ranar da aka ba su motar maƙwabci su kai mara lafiya Asibitin Murtala, ranar suke neman ta.

Wa ya kawo wannan dabarar?

Wani ma'aikacin kamfanin Ford ne a Amurka, Jim Moylan. A 1986 ya ɗauki wata motar kamfani wadda ba tasa ba, ana ruwan sama, ya shiga gidan mai ta gefen da ba shi ba, ya fito ya jiƙe a banza. Da ya koma ofis sai ya rubuta wa manyansa takarda cewa a sa alama a gejin. Motocin Ford Escort da Mercury Tracer na 1989 ne suka fara fitowa da ita, sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali. Shi ya sa tsofaffin motoci da yawa da ke yawo a Kano har yanzu ba su da ita.

Tawa ba ta da kibiyar. An ce in duba gefen da tiyon famfon yake a jikin zanen, gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Wani lokaci a dace, wani lokaci a saɓa, kamar dai canki-canki. Masu zanen ba su yi shi don ya nuna komai ba.

Abin da ya fi sauƙi: in motarka mai ɗan hannun buɗe tanki ce a ƙasan kujerar direba, ja shi kafin ka shiga layi, ka duba madubin gefe. Ƙofar tankin za ta ɗan ɓullo, ka gan ta. In kuwa ba haka ba, fita ka zaga motar sau ɗaya tun a gida. Wani abokina ɗan guntun salatif ya liƙa a gefen gejin tsohuwar motarsa saboda matarsa da ƙannensa da ke karɓar ta, tun daga nan aka daina kiransa a waya daga gidan mai.

Me ya hana kamfanoni su haɗa kai su sa shi a gefe ɗaya?

Babu dokar da ta tilasta musu. Kowane kamfani yana duba yadda cikin motar ya zauna: inda tanki ya samu wuri a ƙarƙashin kujerar baya, inda salansa ta bi, inda za a bi da bututun mai ya sauka ba tare da lanƙwasa da yawa ba, da kuma inda zai fi tsira in an daki motar. Sau da yawa ana nisanta bututun daga salansa saboda zafi, amma wannan ma ba ƙa'ida ba ce, ga motoci masu salansa biyu.

Duk da haka akwai abin da ido yake gani. Toyota da Honda, irin su Corolla da Camry da Accord da Civic, yawancinsu hagu ne. Motocin Jamus kuwa, Mercedes da BMW da Volkswagen, har da Golf ɗin nan da ta cika tashoshinmu, yawancinsu dama ne. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, a Japan ta hannun hagu ake tuƙi, don haka gefen hagu shi ne bakin hanya, nesa da motoci masu wucewa. A Jamus ta hannun dama ake tuƙi, gefen dama shi ne bakin hanya. Ka ga ke nan tunaninsu ɗaya ne, hanyoyinsu ne suka bambanta: in mai ya ƙare maka a kan titi, ka tsaya ka zuba daga galan jikinka yana gefen da ba mota. Da Japanawa suka zo yin motocin da za a kai Amurka da ire-irenta, sai suka mayar da sitiyari hagu, suka bar tankin a inda yake, don sake fasalin ƙarƙashin mota kuɗi ne mai yawa.

Mu a nan mun bar tuƙin hannun hagu tun ranar 2 ga Afrilu 1972. Saboda haka a titunanmu mai Golf tankinsa yana bakin hanya, mai Corolla nasa yana tsakiyar titi.

Dā can ma abin ya fi haka warwatsuwa. Volkswagen Beetle ta farko sai an ɗaga murfin gaba ake zuba mata mai, wasu motocin Amurka na da kuma a bayan lamba ake ɓoye bakin tankin.

To a Kano wanne ya fi, hagu ko dama?

Kowanne da ranarsa. Na hagu ya fi daɗi a gidan mai, domin famfon yana daidai tagarka, kana zaune kana kallon mita, kana jin abin da mai zubawa yake cewa. Ba sai ka leƙa ta kan wanda ke gefenka ba, ba kuma sai ka yi ta ƙiyasin tazarar da ke tsakaninka da dakalin famfo ba.

Na dama kuma yana da riba biyu. Ta farko, a lurata, tunda motocin Japan suka fi yawa a garin nan, bakin famfon da ke karɓar masu dama yakan fi saurin tafiya. Ta biyu ta fi muhimmanci. Tsaya a titin Zariya ko titin Maiduguri da magariba ka ga yadda ake sayen mai a hannun 'yan bumburutu. Mai Corolla zai faka a gefen hanya, yaro ya zago da galan da mazurari ya durƙusa ta gefen direba, bayansa yana titi, tirela da adaidaita suna shafar rigarsa. In dole ta sa ka saya a wurinsu kuma tankinka na hagu ne, sauka daga kwalta gaba ɗaya, ko ka shiga ɗan lungu. Ɗan mutane ne.

Na riga na shiga ta gefen da ba nawa ba. A jawo tiyon ta kan but kawai?

A ƙananan motoci yakan kai, musamman in ka matsa gaba har bayan motar ya zo daidai famfo. Ma'aikatan sun saba, za ka ji an ce "Ɗan ƙara gaba, Yallaɓai, ya isa haka." Amma tiyon nan kullum a ƙasa yake, ya kwashi yashi, in aka ja shi a kan fenti sai ya bar zane. Kuma idan aka miƙe shi har ƙarshe, kan famfon yakan shiga a karkace, ya yi ta katsewa ko mai ya dawo waje. Babbar mota irin Sienna ko jif kuwa kada ma a fara.

In ba layi, fita ka zagayo. In akwai layi, yi wa na bayanka magana da kyau, "Malam, don Allah ɗan ba ni hanya in juya, motar ba tawa ba ce." Abin da bai kamata ba shi ne ka shigo ta ƙofar fita ka fuskanci layi gaba da gaba don tankinka ya zo daidai. A lokacin wahalar mai wannan ɗabi'ar kaɗai ta isa ta tsayar da gidan mai na rabin awa, har cunkoson ya fito titi 'yan KAROTA masu kula da hanya su shigo ciki.

Ƙofar tankin ta ƙi buɗewa, me zan yi?

Fara sanin irin taka. A Toyota da Honda da yawa ɗan hannu ne a ƙasa gefen kujerar direba, kusa da na buɗe but. A wasu maɓalli ne a jikin ƙofa ko ƙarƙashin sitiyari. A motocin Jamus galibi danna ƙofar tankin ake yi da hannu ta buɗe, amma sai ƙofofin motar suna buɗe. In ka kulle kanka a ciki, tankin ma ya kullu, yaro zai yi ta dannawa a banza.

In ka ja hannun ba ta motsa ba, sa wani ya riƙa danna ƙofar a hankali kana ja, sau da yawa ƙura ce ta riƙe ta. Motoci da dama kuma suna da igiyar gaggawa a cikin but, bayan shimfiɗar gefen da tankin yake. Kada a sa sukudireba a ɓanɓare ta, gyaran fentin ya fi gyaran wayar da ke buɗe ƙofar tsada.

Dole ne sai na kashe mota? Wayar hannu fa?

Dole ne. Mutane suna barin ta a kunne saboda AC, ko saboda batir ya yi sanyi suna tsoron kada ta ƙi tashi. Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka ya bi ƙarƙashin mota, inda salansa mai zafi da wayoyin wuta suke. Fetur yana fitar da wannan tururin ko a sanyin da ya wuce na firiza, balle a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40.

Waya ba ta kai sigari da injin kunne haɗari ba, amma gidan mai ya hana, kuma mai latsa waya ba ya kallon mita. Ka bari a gama zubawa a rufe tanki, sannan ka yi tiransifa ko a kawo POS.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kai ba, na lokacin hunturu. Ka san ɗan tartsatsin nan da ke ɗana maka yatsa in ka taɓa ƙofar mota a watan Disamba ko Janairu? Busasshiyar iska ce ke sa lantarki ya taru a jiki idan tufafi suka goga kujera. Wannan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur a bakin tanki. In ka fito daga mota ana cikin zuba mai, taɓa ƙarfen ƙofa tukuna kafin ka matsa kusa da bakin tankin.

Famfo ya katse da kansa, yaro ya ce a ƙara a cika ta har wuya. In bari?

Kada ka bari. A kusa da bakin kan famfon akwai wata 'yar huda da iska ke shiga. Da zarar mai ya taso ya toshe ta, famfon sai ya saki da kansa. Ma'ana tanki ya cika iya inda aka tsara masa. Sararin da ya rage a sama da gangan aka bar shi, saboda fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. Man yana fitowa da ɗan sanyi daga rijiyar ƙarƙashin ƙasa, ka je ka ajiye motar a rana a Kantin Kwari, lita 50 ta nemi ƙarin wurin rabin lita ko fiye.

Sannan akwai wani ɗan gwangwani mai cike da gawayi wanda aikinsa ya tsotse tururi ya mayar wa inji. Tururi aka yi shi dominsa. Idan ruwan mai ya malala cikinsa sai ya lalace, mota ta fara warin fetur, ta riƙa wahalar tashi bayan an sha mai, fitilar cek injin ta kama. Masu jijjiga mota don ta ƙara ɗaukar lita ɗaya kafin tafiya Abuja, wannan gwangwanin suke kashewa.

Ta yaya zan gane ana tauye mini mudu?

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa, kowa ya koyi kallon mita. Abu na farko, ka ga ta koma sifiri da idonka kafin a fara. Ni kaina an taɓa yi mini: na ce a zuba na dubu goma, ashe ɗan acaɓan da ke gabana ya sha na dubu biyu ba a goge ba, aka ɗora nawa a kai. Ina can ina amsa gaisuwar wani, sai da na hau titi na ga allura ba ta kai inda ta saba ba.

Na biyu, faɗi abin da kake so a fili, ka ji ya maimaita. "Na dubu goma" da "lita goma" ba ɗaya ba ne. Na uku, san cikin tankinka. Corolla ta wajen 2003 zuwa 2008 lita 50 take ci, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma 70. In ka shigo da kwata a Corolla aka ce an zuba maka lita 48, akwai magana.

Geji kansa ba ma'auni ba ne na a kai ƙara, don tanki ba murabba'i ba ne, rabin sama da rabin ƙasa ba sa tafiya daidai. In kana zargin famfon ne aka taɓa, gwada da galan wanda ka tabbatar da awonsa. Hukumar da ke sa ido a kan wannan ita ce NMDPRA, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, kuma tana da ikon rufe famfon da aka kama yana tauyewa. Karɓi rasit in za ka kai ƙorafi.

Gaskiya ne man safe ya fi na rana auki?

Bambancin bai kai a tashi da asuba dominsa ba. Man yana cikin rijiya a ƙarƙashin ƙasa, zafinta ba ya canzawa sosai tsakanin safe da azahar. Ribar sammako ita ce rashin layi.

Fitilar mai ta kama. Saura nawa, kuma laifi ne in ci gaba da tafiya?

A yawancin motoci tana kamawa ne idan ya rage kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tanki, wato lita 5 zuwa 8 a ƙaramar mota. A buɗaɗɗiyar hanya zai kai ka nesa kaɗan. A cunkoson Kofar Nassarawa ko Kurna da AC a kunne, kada ka dogara da shi.

Matsalar ita ce mayar da abin ɗabi'a. Famfon da ke tura mai zuwa inji, wanda makanikai ke kira fiyal fam, a cikin tankin yake zaune, man ne yake sanyaya shi. Mota kullum a jan layi, famfon kullum cikin zafi, wani lokaci yana zuƙar iska a kwana. Na san halin da ake ciki, da yawa na dubu biyar-biyar muke sha. Amma in da hali, a daure a ɗaga ta zuwa kwata sau ɗaya, sannan a ci gaba da zuba na dubu biyar ɗin a kai. Kuɗin da ake kashewa a mako bai canza ba, famfon ne ya huta.

An yi kuskure an zuba mini gas, wato dizal, a motar fetur, ko fetur a motar gas.

Kada ka tayar da ita, kada ma ka murɗa makulli fitilun dashbod su kawo, domin a motoci da yawa daga nan fiyal fam yake fara tura mai. A sa ta a furi a tura ta gefe, a kira bakanike ya zuƙe tankin. In an yi haka, asarar ba ta wuce ta man da kuɗin aiki ba.

Kan famfon gas ya fi na fetur kauri, da wuya ya shiga bakin tankin motar fetur, sai dai in da galan aka zuba. Akasin haka ne ya fi faruwa, kuma ya fi muni: fetur a Hilux mai gas. Injin gas da man kansa yake samun santsi a famfonsa da injektocinsa, fetur kuwa wanke santsin yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe. In aka ba ka aron babbar mota, tambayi mai ita abin da take sha kafin ka bar ƙofar gidansa. Yawanci a rubuce yake a cikin ƙofar tankin.

Murfin tankina ya ɓata, na toshe da leda. Akwai matsala?

Akwai. Ƙurar hunturu za ta shiga, ruwan Agusta zai shiga, mai zai riƙa tsiyayewa ta tururi kana biyan kuɗin abin da ba ka ƙona ba. Tsumma ya fi leda muni, don yana jiƙewa ya zama lagwani. Motocin Amurka da aka ƙera daga 1996 zuwa sama, irin waɗanda ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas, da yawansu suna kunna fitilar cek injin in murfin bai rufu da kyau ba. Kafin ka biya kuɗin sa kwamfuta, murɗa murfin har ka ji ya yi ƙas-ƙas, ka ba shi kwana biyu. In ya ɓata, je Kofar Ruwa da sunan motar da shekararta, ka duba robar bakinsa ba ta tsage ba.

Yawancin ɓatan nan a gidan mai yake faruwa. An ɗora shi a kan but, an karɓi kuɗi, kowa ya manta. Kalli madubi kafin ka ja. Wasu sababbin Ford da Honda kuma ba su da murfi sam, wani ɗan ƙyaure ne a ciki da kan famfo ke turawa. Waɗannan in za a zuba musu daga galan sai da mazurarinsu na musamman, yana cikin but wajen safaya.

Zan iya ajiye jarkar mai a but saboda tafiya ko janareta?

Ɗauko ta daga gidan mai zuwa gida, eh, a tsaye, a rufe gam, gilasai a sauke. Yawo da ita kwana da kwanaki a but cikin rana, a'a. Wajen cikawa a sauke ta ƙasa, kada a zuba tana cikin mota, kuma a bar mata sarari a wuya. A gida a nisanta ta da kicin da ɗakin kwana, kada kuma a ƙara wa janareta mai yana aiki.

Wanda ya ga abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa cikin Oktoba 2024 ba ya bukatar dogon bayani. Tankar da ta taso daga nan Kano ta faɗi da dare, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. In ka tarar da tanka ta faɗi a hanya, ko kana jin warin fetur mai ƙarfi a inda mutane suka taru, juya tun daga nesa ka nemi wata hanyar, ka kira 'yan kwana-kwana.